Sunan da Ya Jira Baɗi

A bazarar da sanyin ƙashi ya kama yatsun Vendelin, aka fara neman wanda zai gaje shi da jita a sansaninmu na bakin kogin Sazava. Bukkokin katako ne ƴan kaɗan, muna zuwa daga birnin Praha a jirgin ƙasa duk Asabar. Aka tsayar da Lubor Hanzlik, mai shimfiɗa tayil, wanda matarsa ta saya masa jita da hunturu. Lubor mutum ne mai saurin ɗaukar abu, mai kirki kuma, amma yana da hali guda: yana raina duk abin da ya zo da sauƙi. Abin da kowa zai iya, a ganinsa bai cancanci lokacinsa ba.

Aikin da ke gabansa sananne ne. A ƙarshen bazara ake kunna babbar wutar shekara da faɗuwar rana. Kafin kowa ya taɓa abinci, sai a tsaya a riƙe hannun juna a rera waƙar sansani. Bayan baiti na biyu bakuna sukan yi shiru, jita ta ci gaba ita kaɗai a hankali, dangi su riƙa kiran sunayen waɗanda suka rasu. Sai an gama kira ake shiga baiti na uku, kuma da an shige shi ba a komawa. A shekarar nan akwai sabon suna: Otakar, mijin Bohuna. Ita za ta kira shi da bakinta, ƴarsu ma za ta zo daga Kanada domin ta ji.

Vendelin ya zaunar da Lubor a kan kututture ya nuna masa inda yatsun hagu ke kama tsirkiya.

"Kamu uku ne waƙar nan, G da C da D. Su ne abincinka har ƙarshen bazara."

Lubor ya ce, "Shi ke nan, Kawu? Wannan ai ko ɗan firamare."

"To, ɗan firamare, tashi daga C ka koma D kana kallona."

Lubor ya gwada. Idonsa ya sauka kan yatsunsa, hannun dama ya tsaya yana jiran na hagu.

Vendelin ya ce, "Ka gani? Na hagu yana iya ɓata, ba wanda zai kai ka ƙara. Na dama ne ba ya tsayawa ko bukka na cin wuta. Kuma ka riƙa rerawa kana kaɗawa, ka zo nan muna yi tare."

"Murya irin tawa? Kifin kogin nan zai yi ƙaura."

"Tawa ya jure, taka ma zai jure."

Lubor ya yi dariya ya koma gida. Ya yi mako guda a kan kamu ukun, suka gundure shi. Sai ya shiga bidiyon gwanaye a waya. Ya koyi tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko kamun F, wanda ake kwantar da manuniya a kan tsirkiya shida gaba ɗaya. Daga nan ya tsara wa wurin kiran sunaye wani kiɗa na kansa, mai hawa da sauka, ya haddace shi daga farko zuwa ƙarshe. Ba za a ce ya yi lalaci ba. Yatsunsa sun yi kanta, maƙwabta sun buga masa bango. Amma shi kaɗai yake yi, a ɗaki, baki a rufe. Duk Asabar da Vendelin ya ce a gwada tare, sai ya ce, "Bari dai, Kawu, ina da abin mamaki."

Vendelin ya ce, "A shekaruna ba na son mamaki."

Ranar wuta ta zo da yanayi mai daɗi. Miyar dankali tana jira a babbar tukunya, an feƙe sandunan gashin nama, an sa giya a kogi ta yi sanyi. Aka kunna wuta, muka tsaya. Lubor ya buɗe da tsinkar tsirkiya mai kyau ƙwarai, har wasu suka kalli juna. Baiti biyun farko suka wuce da ƴar tangarɗa, domin tsofaffinmu suna jan ƙarshen kowane layi su sha iska, shi kuwa bai saba jiran kowa ba.

Aka zo wurin sunaye. Lubor ya shiga kiɗansa. Aka kira tsofaffin sunaye ɗaya bayan ɗaya, waɗanda bakuna suka saba da su. Sai aka zo kan Bohuna. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Wanda zai kira sabon suna yakan ɗauki lokaci, Vendelin kuwa yakan yi ta zagaya kamu ukunsa har mutum ya samu numfashi. Amma kiɗan Lubor yana da tsawon da aka yanka masa, kuma ya kai ƙarshensa. Ya so ya koma farko, hanyar komawar ta bi ta kamun F. Manuniya ba ta zauna daidai ba, tsirkiyoyin suka yi ƙarar busasshen kara. Ya sake gwadawa. Hannun dama ya tsaya yana jira.

Sai shiru, ba a jin komai sai wuta da kogi. Mutum yana iya faɗin abu mai nauyi idan akwai sautin da zai jingina da shi. A fili tsirara, ido duk a kanta, Bohuna ta kasa. Ta girgiza kai ta ce a hankali, "Ku ci gaba." Vendelin ya ɗaga baiti na uku da muryarsa, muka bi shi ba jita. Ba a kira Otakar ba.

Ba wanda ya yi wa Lubor faɗa. Aka zuba miya, aka gasa nama. Shi ya koma bayan bukka ya zauna da jitarsa a cinya. Can Bohuna ta same shi da kwano a hannu.

"Ci, kafin ta huce."

"Inna, ban san abin da zan ce ba."

"To kada ka ce. Otakar bai taɓa kama jirgin da ya yi niyya ba, kullum sai na baya. Zai jira baɗi." Ta miƙa masa kwanon. "Ƴarmu ce dai ba za ta samu sake zuwa daga Kanada ba. Kiɗan naka yana da daɗi, amma wa ka yi wa shi?"

Lubor ya ajiye jitar ya karɓi kwanon.

Da kaka ta shiga, ya fara zuwa gidan Vendelin ranar Laraba bayan aiki. Suka ɗauko waƙoƙin da kowa ya sani, masu kamu biyu da masu uku. Vendelin yakan rera ya tsaya da gangan a tsakiyar layi, ya sha shayi, ya tambayi farashin tayil, Lubor kuwa dole hannunsa ya ci gaba. Idan F ta taso, sai tsohon ya nuna masa ƙaramar, ta tsirkiya huɗu.

"Wannan ai ha'inci ne, Kawu."

"Da ita na auri mata, da ita na yi jikoki. Kaɗa."

Lubor ya gano abin da bai zata ba: sauƙin yana da daɗi. Ya fara jin lokacin da mai waƙa zai ja numfashi tun kafin ya ja.

Bazara ta zagayo, aka kunna wuta. Da aka zo kan Bohuna, muryarta ta sake maƙalewa, har ta fi ta bara daɗewa. Lubor bai kalli yatsunsa ba. Ya yi ta zagaya G da C da D a hankali, idonsa a kan wuta, kamar ba abin da ake jira. Can ta ce, "Otakar Brabec." Muka shiga baiti na uku.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mai koyo ya raina matakin farko don ya ga kowa yana iya taka shi. Abu mai sauƙi da ya zauna a hannu ya fi mai wuya da aka haddace, domin shi ne yake tsayawa da mutum idan lamari ya sauya. Kuma duk wanda aka ba aikin da jama'a za su jingina da shi, ya koye shi a cikinsu, ya auna shi da bukatarsu, ba da yabon da yake fatan samu ba.