Jiminar da Ta Kawo Ɓarawonta

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, mai tsentseni da zuhudu, wanda harshensa bai gushe ba yana jiƙe da ambaton Ubangiji, kuma bayin Allah masu yawa sun shaida karamominsa, har da marasa magana.

Cikin muridansa akwai wani mai kiwon jimina, mutum mai saurin kuka, wanda annoba ta share masa garke ta bar masa mace da namiji kacal. Macen ta yi ƙwai, tana kwanci da rana, namijin yana karɓarta da dare, kamar yadda Allah Ya tsara musu. Wata rana da azahar mai kiwon ya tarar da ƙofar shinge a buɗe, namijin babu shi. Ya san in rana ta faɗi ƙwan za su yi sanyi, irin ya ƙare ke nan. Ya sheƙa ɗakin karatu da takalmi ƙafa ɗaya, ya zube gaban Shehi.

"Allah gafarta Malam, an sace shi! Da mai tashi ne ai da ya tsere musu, amma fiffiken nan nasa ko mafici bai kai ba!"

Shehi, Allah Ya jiƙan mahaifansa, ya rufe littafi a hankali ya ce, "An ce kakanninsa sun yi shawagi a sama, da suka sami arziki a ƙasa jiki ya yi nauyi, sai ƙafa ta karɓi aikin fiffike. Ubangiji ba Ya karɓa sai Ya musanya. Ku shimfiɗa tabarma a ƙofa, baƙo na tafe."

Mai kiwo ya shimfiɗa yana sharar hawaye, a ransa yana cewa yau ina shi ina wani baƙo. Bai miƙe ba sai ga ihu daga bakin titi. Namijin jiminar ne a guje, wani ƙato manne a bayansa, ya rungume wuya, hula ta tafi, yana kururuwa, "Jama'a ku tare shi! Wallahi na fasa!" Ashe hawa ya yi don ya kai shi inda ya ɓoye mota, tsuntsun kuwa ya zaga da shi kasuwa da bakin makaranta, kowa ya gan shi ya gane shi.

Da isowa ƙofar Shehi tsuntsun ya ja birki, ƙaton ya wuce ta kansa ya sauka tsakiyar tabarma, ko gefe bai taɓa ba.

Shehi ya ce, "Sannu da hanya. A ba shi ruwa."

Ɓarawon ya sha, ya fashe da kuka, ya tuba nan take. Kafin magariba namijin ya koma kan ƙwansa, daga baya kuma duk suka ƙyanƙyashe. Tubabben yana cikin masu ɗaukar karatu har yau, sai dai ko kaza ya hango yakan sauya hanya.

Tsarki ya tabbata ga Mai girmama bayinSa na gari. Ya Allah Ka ɗaukaka darajar Shehinmu, Ka yayyafa mana albarkarsa, mu da zuriyarmu da abin kiwonmu. Amin.