Koci Kastus a Gonar Dankali

Akwai wani tsohon ɗan ƙwallo a garinmu, kusa da Pinsk, sunansa Kastus. Shekara goma sha huɗu yana buga gaba a babbar gasar Belarus, har gwiwa ta ce ya isa. Ya dawo gida ya zama kocin ƙaramar ƙungiyarmu, amma girman kai ya biyo shi har cikin akwati.

Wani mako, ranar Asabar muna da wasan da in aka ci mu, mun faɗa ƙaramin rukuni. Ga mai tsaron gidanmu tilo, Zianon, kwana uku bai zo atisaye ba. Satumba ne, kowa ya san tonon dankali ake yi, ban da Kastus.

Ya nufi gonar su Zianon da farin takalmi, yana huci.

"Zianon! Ƙungiya na cikin ruwa, kai kana nan kana wasa da ƙasa?"

Mahaifiyar Zianon, Iya Yanina, ta ɗago kai. "Kai ba ɗan Darota ba ne, wanda nake share wa majina? Ranar Lahadi sanyi zai sauka. In dankalin nan ya daskare, ƙwallonka za mu soya? Yaron nan ba inda za shi sai an gama."

"Iya, ni fa gaban mutum dubu ashirin na buga."

"Madalla. Ko ɗaya cikinsu ya zo da bokiti?"

Wallahi kunya ta kama Kastus. Ya dubi kunyoyin da suka rage, ya dubi hannun tsohuwar duk ya tsage. Sai ya ciro waya ya kira 'yan wasa kaf, ya ce atisayen yau a gona ne, kuma shi ya fara sunkuyawa.

Juma'a da la'asar buhun ƙarshe ya shiga rumbu. Iya ta cika mu da wainar dankali.

Ranar wasa ƙafafunmu sun yi nauyi, ba mu ci ko ɗaya ba. Amma Zianon ya tare fanareti, aka tashi canjaras, muka tsira. Kastus ya ruga zai ɗaga shi, bayansa ya riƙe, ƙarshe shi aka ɗauko daga fili yana dariya yana "wayyo".

Darasi: Wanda kake so ya tsare maka gida, fara taya shi tsare nasa. Girma ba ya zubewa don ka sunkuya. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.