Shukar Doreen ta Ƙarshe

Akwai wani dattijo a unguwarmu, can gefen Barnsley a Ingila, sunansa Wilfred Haigh. Shi da matarsa Doreen sun shekara talatin suna riƙe da ɗan lambun haya a bayan layin dogo. Gaskiya dai Doreen ce manomiyar. Shi Wilf aikinsa zama a bukka da kofin shayi, yana gyara wa mutane aikin da bai iya ba.

A watan Yuli Doreen ta dasa burokoli, wani ganye dangin kabeji, guda goma sha biyu, irin shunayyan nan da sai ya sha sanyin hunturu kaf kafin ya yi toho. A Oktoba ta rasu. Su ne abu na ƙarshe da hannunta ya sa a ƙasa, Wilf kuwa ya ci alwashin sai ya ga amfaninsu.

Glenys, mai lambun da ke jikin nasu, ta kawo masa raga.

"Wilf, ungo ka rufe su. Tattabarun daji na nan tafe."

"Ke Glenys, je ki rufe naki. Tun kina 'yar makaranta nake lambun nan."

"Kake shan shayi a lambun nan dai," in ji ta. Ta naɗe ragarta ta tafi.

Girman kai rawanin tsiya. A Janairu ƙanƙara ta rufe ko'ina, tattabaru suka rasa abinci, suka sauka a kan shukar Doreen. Kwana biyu kacal suka cinye ganyen tas, sai karare tsaye kamar tsohuwar tsintsiya.

Glenys ta same shi tsaye a kansu.

"Don Allah kar ka taɓa su. Sun fi ka taurin rai. Ka ba su zuwa Maris."

"Rabu da ni. Matacce matacce ne. Na san kamanninsa, kwanan nan na binne ɗaya."

Ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, ya watsa a juji, ya kulle bukka. Bai sake leƙowa ba sai ƙarshen Maris.

Ranar da ya dawo, ya tsaya a bakin jujin. Kararen na kwance, saiwa a sama. A jikin kowanne ga ƙananan toho shunayya, ba su fi farce ba. Sun fito, ba su sami ƙasa ba, sun bushe.

Ya durƙusa a cikin taɓo. Glenys ta leƙo daga nata lambun.

"Glenys, da ransu na tuge su."

A cikin makon ya mayar wa masu hayar makullin lambun. Wallahi har yau in na tuna, zuciyata ƙuna take.

Darasi: Kada ka yanke hukunci a ranar da baƙin ciki ya rufe maka ido, kuma kada ka raina shawarar wanda ya fi ka sanin abu. Ba duk abin da ya yi kama da matacce ne ya mutu ba. Ku tura wa wanda kuka san yana dab da tuge nasa.