Tayar Jatau

Wata Talata mota ta tattake barkonon da matan gari suka shanya a bakin titi. Dogarai suka gwada sawun, ya yi daidai da tayar a-kori-kurar Jatau.

Hakimi ya ce, "Ko ka kawo wani mai laifin yau, ko ka kwana a kurkuku."

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, sawu yana ƙarya?"

"Ba ya yi."

"Duk wanda tayar ke jikin motarsa ran Talata, shi zai biya?"

"Ko ɗana ne."

"Madalla. Ran Laraba direbanka ya kwanto ta daga motarka, ya sayar mini."

Hakimi ya yi gyaran murya, ya ce ai shanya a bakin titi ma laifi ne, a kira matan.