Riyal Mai Karkataccen Ginshiƙi

"Inna, me ya sa riyal ɗin wuyan Sarki ba ya kuka?"

Kyallu ce, 'yar shekara biyar, ta jefa wannan tambaya da hantsi a fadar Birnin Rijiya Bakwai, ranar da maƙeran azurfa suka zo gaisuwar shekara. Uwarta Tabawa, 'yar Magajin Maƙera, jikar masu masaba da zugazugi, ta jawo ta jikinta, domin ita ma ta ji. Da Sarki Jatau ya sunkuya, riyal ɗin ya bugi zobensa ya ce tuk, irin ƙarar dalma, ba doguwar ƙarar azurfa mai zaƙi ba.

Shi kuwa wannan riyal tsohon kuɗin Sifaniya ne mai ginshiƙi biyu da kambi, wanda aka buga a gindin wani dutsen azurfa can hayin teku, ya keto hamada a jakar fatake har ya faɗa hannun kakan kakan Sarki, kuma a birnin duk wanda bai rataya shi ba, ba sarki ba ne.

Sarki ya sallami fadawa, ya dubi Tabawa da jajayen idanu ya ce, "Kin san doka. Wanda ya kira riyal ɗin sarauta jabu, rijiya ta bakwai ce makwancinsa, babba ne ko yaro."

Tabawa ta faɗi ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, yarinya ba ta yi ƙarya ba. A faɗa mini inda na gaskiyar yake, ni zan je in ɗauko."

Sarki ya ce, "Zarƙamu Sarkin Aljanun Farin Dutse ya sace shi bara, ya bar mini wannan. Na ba ki kwana arba'in. 'Yarki tana hannuna."

Tabawa ta gyara wa Kyallu ɗankwali, ta gaya wa jakadiya cewa yarinyar ba ta cin yaji, ta ɗaure zani tamau, ta ƙulla ƙanzo da ƙuli-ƙuli, ta kama hanya. Ta ratsa daji mai dogaye-dogayen itatuwa masu gaisuwa da harshen mutane, ta haye kogin narkakkiyar tagulla a bayan wani tsohon kada mai fararen gira, ta wuce birnin da mutanensa ke tafiya inuwoyinsu na gabansu suna ciniki, ba ta tsaya kallo ba ko sau ɗaya, har a rana ta ashirin ta isa fadar Farin Dutse, mai sheƙi, mai sanyi, mai ƙofofi dubu, wadda babu ko ƙusa ɗaya ta baƙin ƙarfe a jikinta.

Zarƙamu, mai kai kamar rumbu, mai gemu har gwiwa, mai murya kamar aradun marka, ya kece da dariya ya ce, "Ke 'yar Adam, wa kika zo fansa? Faɗi sunanta mu ji."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yar fari ce, ba na faɗin sunanta."

Ya ce, "Ji mana! Suna ya fi ƙarfin bakinki, amma kogin tagulla bai fi ƙarfin ƙafarki ba?"

Ta ce, "Kunya a baki take, ranka ya daɗe, ba a ƙafa ba."

Aljanu suka yi ta shewa. Zarƙamu ya tafa hannu, aka juye riyaloli tuli guda har ƙugunta. Ya ce, "Na sarkinku yana ciki. Ba bugawa, ba aunawa, ba cizo. Ɗaya za ki ɗauka, in kin dace ki tafi da shi, in kin kuskure ki zama gunkin dalma in ajiye ki bakin ƙofa."

Tabawa ta durƙusa gaban tulin. Riyalolin duk kyawawa ne, zagayayyu, sumul-sumul, ginshiƙansu a miƙe kamar an ja su da zare. Sai ta tuna ƙofofin nan marasa ƙusa. Aljani ba ya taɓa baƙin ƙarfe, saboda haka ba shi da masaba, ba shi da hatimin ƙarfe, ba zai iya buga kuɗi ba, sai dai ya narka ya zuba a gurbin yashi. Na gaskiya kuwa ɗan Adam ne ya buga shi da hannu, mai gumi, mai gajiya, wanda hannunsa kan goce. Aljanu, don girman kai, sun gyara duk kuskurensa.

Ta shiga ture kyawawan gefe kamar mai tsince tsakuwa a wake. Da rana ta take tsaka, sai ga guda uku munana a ƙasan tulin, kowanne da gefe a cinye, da ginshiƙin hagu a karkace, da harafi ɗaya da ya fito biyu saboda masaba ta yi tsalle.

Zarƙamu ya yi murmushi ya ce, "Kina tsammani ba mu san da haka ba? Ga munana har uku, zaɓi."

Ta ɗauki na farko, ta bi gefensa da farce a hankali, yadda take bin kan 'yarta in tana neman ƙwarƙwata. Farcen ya ci karo da siririn layi, inda ɓari biyu na gurbin zubi suka haɗu. Ta ajiye. Na biyu an goge layinsa da wayo, amma da ta karkata shi ga haske sai ga ƙananan huji-huji a fuskarsa kamar ƙurajen zafi, haruffansa kuma dakusassu kamar an lashe su. Na uku bakin haruffansa kaifi ne har a cikin lungu, sai dai tudun kambin da ya suɗe saboda gugar ƙirjin sarakuna.

Ta ɗaga shi ta ce, "Wannan ne, ranka ya daɗe. Wannan ya sha duka, waɗancan wanka kawai suka yi."

Nan take tulin ya narke ya malale baƙi ƙirin. Zarƙamu ya ciji gemu, amma aljani ba ya saɓa alkawarin da ya yi a gaban fadawansa. Ya sa guguwa ta ɗauke ta, kafin la'asar ta dire ta a ƙofar fadar Sarki Jatau.

Sarki ya rataya riyal ɗinsa, ya naɗa Tabawa Sarauniyar Ma'auni, ba a ƙara shigo da azurfa birnin ba sai ta bi ta ƙarƙashin farcenta. Ita kuwa ba ta tsaya jin kakaki ba. Ta sunkuci 'yarta, ta duba idonta da harshenta, ta ce ta rame, ta goya ta duk da girmanta, suka nufi gida. Allah shi ne mai tsare bayinsa.

Kai kuma mai karatu, musamman ke 'yar'uwata mai goyo, in an kawo miki tsohon riyal mai sheƙi, marar tabo, ana rantsuwa cewa na kaka ne, bi gefensa da farce kafin ki karɓa. In kin ji layi, dalma ce aka yi wa wanka da azurfa. Kada ki kuskura ki rataya shi a wuyan yaro, domin dalma guba ce, kuma duk abin da ke wuyansa, baki zai kai shi.