Babin da Aka Wanke daga Allo

A zamanin da, a wata ƙasa da masu ba da labari ba su riƙe sunanta ba, an yi wani sarki wanda Allah ya hore masa komai sai ruwa. Shekara uku damina tana zuwa da rowa. Tafkuna suka ƙafe, mata suka riƙa fita da tuluna tun asuba, su dawo rana tsaka da ruwan da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Abin takaici, ƙasar cike take da rijiyoyin kaka da kakanni, duk sun cushe da laka da ganye, ba mai yashe su. Mahaƙan da suka san aikin sun mutu ɗaya bayan ɗaya, saura wani tsoho mai suna Nomau.

Ran nan Sarki ya tara fada, ya ce, "Na yi umarni a buɗe makarantar rijiya. A zaɓo samari goma sha biyu, a koya musu haƙa da yasa, kafin rani ya tsananta in aika kowannensu gari guda. A kirawo mini tsohon nan."

Aka zo da Nomau, ƙafa duk faso, riga ta sha ƙasa har ba a san asalin launinta ba. Ga shi kuma da in'ina, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Sarki ya tambaye shi, "Baba, yaya kake gane inda ruwa yake?"

Nomau ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya ce, "A... ana gani ne, ranka ya daɗe."

Fada ta kwashe da dariya. Waziri Jatau, mutum mai zaƙin baki wanda bai taɓa rasa amsa ba, ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in aka sa wannan ya koyar, yaran za su tsufa ba su gama babin farko ba. An ce ma da igiya yake koya wa mutum, a gadon baya. Ilimi ai kamar hatsi ne, ana juye shi daga wannan buhu zuwa wancan. A juye abin da ke kansa a takarda, a miƙa wa wanda ya iya koyarwa. Ga Malam Ukashatu nan, wanda ko dutse ya zaunar a gabansa sai ya yi hadda."

Wannan yabo kuwa ba ƙarya ba ne. Malam Ukashatu ya iya koyarwa, wallahi ya iya. Ba ya duka, ba ya tsawa, abu mai wuya sai ya warware shi har ka ji kamar dama can ka sani. Amma da ya ji an ambaci sunansa sai ya matso gaban Sarki. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa sanina da rijiya bai wuce jan guga ba. Ban taɓa sa ƙafa a ciki ba."

Waziri ya ce, "Haba, Allah gafarta Malam, wa ya ce ka sauka? Koyarwa aka ce ka yi."

Sarki ya ce, "Shi ke nan, an gama." To, Sarki ya ce an gama, wa zai ce da saura? Malam ya yi godiya ya tashi.

Kwana arba'in suka yi a zauren Malam, Nomau yana faɗa da ƙyar, Malam yana rubutawa a allo, in ya tace sai ya kwafe a takarda. Aka rubuta babin itatuwan da ke nuna ruwa na kusa, da babin gane ƙasa mai zabtarewa, da babin ɗaurin igiya, da na kafa gwafa a bakin rami. Sai ran nan Nomau ya ce, "Rubuta. Kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya, ya kunna fitila, ya sa ta a ƙwarya, ya zura ta har ƙasa. Ya ce, salamu alaikum masu gida. In ta dawo da wuta, sun yarda. In sun hure ta, ka... kada ya sauka."

Malam ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Baba, su wane ne masu gida?"

"Mutanen ɓoye mana. Na cikin rijiya."

"Subhanallahi! Wato neman izinin iskoki zan koya wa 'ya'yan Musulmi?"

Nomau ya ce, "Haka na tarar ana yi." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, don shi kansa bai taɓa neman wani dalili ba.

Malam ya rubuta don kada ya kunyata tsoho. Amma da Nomau ya fita, ya zauna ya yi ta duban allon. Ya auna maganar da duk karatun da ya sani, bai ga inda za ta zauna ba sai cikin camfi. Da a ce ya taɓa sauka ko sau ɗaya, ya ji yadda ƙirji ke nauyi a can ƙasa, da ya tsaya ya sake tambaya. Bai taɓa ba. Ya ɗebo ruwa a buta ya wanke babin tas, zuciyarsa fari ƙal, yana ganin ya yi wa addini hidima. Aka ba Nomau riga da jaki, aka sallame shi ya koma ƙauyensu.

Karatu ya kankama. Malam ya mayar da littafin waƙa, samari suna rerawa har 'yan mata masu talla suka iya amshi. Aka haƙa rami gaba biyu a tsakar makaranta, iska na shiga tana fita, a nan suke gwada sauka da hawa. Cikin samarin akwai Haladu, ɗan Malam ɗaya tilo, saurayi mai shekara ashirin da biyu, wanda ya fi kowa ƙwazo. In uban ya faɗi abu, to a wurin Haladu magana ta ƙare.

Bayan wata huɗu aka kai su gaban Sarki don jarrabawa. Sarki ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, amsa na zuba kamar ana karantawa. Ya juya ga Haladu ya ce, "Kai, ka haƙa gaba bakwai ka tarar da yashi fari mai gudu, me za ka yi?" Haladu ya ba da amsa tun daga farko har ƙarshe, bai yi ko tuntuɓe ba. Sarki ya yi murna ƙwarai, ya ce, "Kai ne za ka je Kufan Gamji. Rijiyarsu ta fi kowace zurfi, ta fi kowace daɗewa a rufe, ba ta dace da kowa ba sai gwani." Kufan Gamji tafiyar kwana shida ce da jakuna. Malam ya raka ɗansa har ƙofar gari, ya sa masa albarka, ya dawo yana amsa barka ta ko'ina.

Kwana uku da tafiyar samarin goma sha biyu, Nomau ya shigo birni cin kasuwa. Ya tsaya wurin wata mai sayar da man kaɗe wadda ya saba saye a hannunta, ya ce, "Kin yi ciniki, ko? Fi... fitila goma sha biyu ai sai mai da yawa."

Ta ce, "Wace fitila, Baba? A gabana suka wuce. Igiya na gani da dagi da guga, ban ga fitila ba."

Nomau ya bar jakinsa a nan ko ɗaurewa bai yi ba, ya nufi fada yana haɗa hanya. Kai, jama'a, nan ne labarin yake ƙona mini rai. Dogarawan ƙofa suka ga tsoho a birkice, suka ce me yake so. Tashin hankali ya ƙara ƙulle masa harshe, ba abin da ke fita sai "fi... fi... fi". Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce ya dawo ranar da ake rabon sadaka. Ya tafi gidan Malam, aka ce Malam ya je ziyara wani gari, sai jibi. Ya tare Waziri a hanya ya kama linzamin dokinsa, Waziri ya ce, "Ba an ba ka riga ba? Me kuma kake nema?" Aka janye shi gefe. Kwana biyu cur tsohon nan yana zaune a ƙofar fada cikin rana, yana kuka kamar yaro, ba wanda ya tsaya ya saurara.

A rana ta biyar da tafiyar samarin Malam ya dawo, ya zo gaida Sarki, ya gan shi. Shi da ya saba da haƙurin sauraron mai koyo, sai ya tsuguna ya ce, "Baba, yi a hankali, ina ji." Nomau ya damƙi hannunsa ya ce, "Ina babin fitila?"

Malam ya ce, "Na wanke shi. Camfi ne, Baba."

Nomau ya ce, "Ban sani ba ko iskoki ne, ko numfashin ƙasa ne. Ni dai na san ƙanena ya shiga ba fitila, da ƙugiya muka fito da shi."

Malam ya miƙe zumbur. Ya ja tsohon har gaban Sarki, ba sallama ba komai, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tatsuniyar ƙauye ce. Tsoho ya ga an yi abu ba da shi ba, yana neman a tuna da shi." Sarki ya ce, "Akwai tsohuwar rijiya a bayan barga. Mu je ido ya gani."

Aka ɗage itacen da aka rufe ta da shi. Nomau ya kunna fitila ya zura, kowa ya leƙa yana bin hasken da ido. Gaba biyar tana ci, gaba takwas ta fara ja, gaba goma ta mutu murus. Waziri ya ce man ne ba shi da kyau. Nomau ya nuna wani zakara da ke kiwo a bargar. Aka kama shi aka sa a kwando, aka zura, aka ɗan jira, aka jawo. Zakaran da ya shiga yana fisge-fisge ya fito wuya a langaɓe.

Nan take Sarki ya tashi 'yan aike goma sha biyu a kan dawakan da suka fi gudu, kowanne da saƙo ɗaya, kada wanda ya sauka rijiya. Malam ya tambayi shugabansu, "Kufan Gamji kwana nawa a doki?" Ya ce, "Biyu, in doki bai faɗi ba." Haladu kuwa gobe zai isa. Malam ya ce, "Baƙo ai yakan huta kwana ɗaya kafin ya kama aiki, ko ba haka ba?" Kowa ya sunkuyar da kai, don duk sun san Haladu.

Washegari Sarki ya zauna shari'a. Ya tuɓe rawanin Waziri, ya kori dogarawan nan daga ƙofa. Ya naɗa Nomau shugaban makarantar, ya ce Malam ya zauna a gefensa ya riƙa fassara wa ɗalibai abin da harshen tsoho ya kasa, amma ba shi da ikon cire ko harafi sai ya sauka rijiya da kansa ya gani. Ya kuma yi doka cewa a duk faɗin ƙasar, ko ƙira ce ko jima ko magani, ba wanda zai zauna kan buzun koyarwa sai masu sana'ar sun shaida ya yi ta da hannunsa. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa? Ni na wanke allon. A hukunta ni." Sarki ya ce, "Ka faɗa mini ba ka sani ba, na ce an gama. In na hukunta ka, ni wa zai hukunta ni?"

Malam ya koma ƙofar gari ya zauna a gindin ganuwa, ba ci ba sha sai salla. Nomau ya zo ya zauna kusa da shi. 'Yan aike suka fara dawowa. Wannan ya ce ya tarar da nasa ɗalibin bai fara ba. Wancan ya ce wata tsohuwa ce ta zauna a bakin rijiya ta rantse ba mai shiga sai an zura wuta, aka yi ta rigima da ita har ya iso. Wani ya ce nasa ya shiga, aka jawo shi a sume, amma ya farfaɗo. Goma sha ɗaya suka dawo da albishir, gari ya ɗauki guɗa. Kowane albishir Malam sai ya ce alhamdu lillahi, idonsa na kan hanya.

A rana ta biyar da tashinsu, bayan la'asar, na ƙarshe ya bayyana. Ba a kan dokin yake ba, jan sa yake yi a hankali. Da ya iso ya durƙusa a gaban Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, sai haƙuri. Ranar da ya isa, ko ruwan baƙunta bai gama sha ba ya ce a kai shi rijiyar, wai yara na jin ƙishirwa. Na tarar an riga an yi masa sutura."

Malam ya yi salati, ya maimaita, hawaye na bin gemunsa. Can ya ɗago ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Ko igiyar ce bai ɗaura daidai ba? Ko gwafar ce ta goce? Ko ya manta wani abu?"

Ɗan aiken bai san abin da ya sa Malam yake tambaya ba, shi so yake ya sanyaya wa uba zuciya. Ya ce, "A'a, wallahi, Malam. Mutanen garin har yanzu yabonsa suke yi. Sun ce yana aikin yana rera karatun, babi bayan babi. Duk abin da ka koya masa ya yi, bai bar ko ɗaya ba."