Dalilin da Ya Sa Yaranmu Ke Rufe Ido Kafin Su Lashi Zumar Allo

Dalilin da ya sa a majami'armu ake cewa yaro ya rufe ido ranar da zai fara karatu, kuma allon da ake miƙa masa sassaƙaƙƙe ne, ba rubutun tawada ba, labari ne da kowa ke bayarwa yadda ya ga dama. Kakarku za ta ce muku wani bawan Allah ne ya gani a mafarki. Ban hana ta ba. Ni dai abin da na ji daga bakin kakana Hayim zan faɗa muku. Shi yana wurin, ko da yake shekararsa biyar, kuma rabin hankalinsa yana kan zuma.

A wancan zamani mutanenmu suna zaune a tsohon garinmu na bakin Sahara. Gidajen Yahudawa talatin da 'yan kai, rijiya biyu, da majami'a ɗaya wadda rufinta ba ya yoyo sai in an yi ruwa. A bayanta akwai ɗan ɗaki inda ake koya wa yara baƙaƙen Ibraniyanci. Ranar idin tunawa da saukar Attaura, akan naɗe yaro cikin mayafin addu'a, a ɗauko shi a kafaɗa a kawo wa malami. Malami ya shafa zuma a kan baƙaƙen allo, ya nuna ya faɗa, yaro ya maimaita ya lashe. Wai don ya san karatu abu ne mai daɗi. Sauran bayanin daga baya yake samunsa.

Ido buɗe ake yi a lokacin, kamar ko'ina.

Malamin ɗakin nan sunansa Rabbi Makluf. Shekara arba'in yana koyarwa, babu mai gemu a garin da bai zauna a tabarmarsa ba. Yana da bulala rataye a bango, amma gara ta fi shi amfani da ita.

Sai idonsa ya fara dushewa. Bai faɗa wa kowa ba, don ya san ranar da aka sani, ranar za a yi masa godiya mai yawa a zaunar da shi a gida. Matarsa Firaha ce ta gane, ranar da ta ji shi yana gaishe da tulu a bakin ƙofa, har yana tambayarsa mutanen gida.

Ta ɗauki allonsa da wuƙar da take zanen ƙwarya da ita, ta bi sawun tawadar tana sassaƙawa. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya bin layi. Da ta gama ta ɗora masa a cinya. Ya shafa da babban yatsa, ya tsaya a kan wani harafi, ya ce, “Lamed ɗinki ta cika tsawo.”

Ta ce, “To ka gyara da kanka, tunda kana gani.”

Kafin wata ya ƙare ta sassaƙa alluna goma sha biyu. Saura matsala ɗaya: yara za su ga malaminsu yana lalube. Sai ya shigo da safe ya kafa sabuwar doka. Ya ce, “Daga yau kowa ya rufe ido. Ido yawo gare shi, yatsa kuwa inda ka ajiye shi nan za ka same shi.” Yara suka ɗauka wasa ne, shi ya sa suka bi dokar sosai. Har Hayim, wanda bai isa shiga ba. Uwarsa takan ajiye shi a bakin ƙofar ɗakin in za ta rijiya, Firaha ta ba shi wani tsagaggen allo cikin waɗanda ta sassaƙa don ya bar mata kaji su huta. Shekara guda yana zaune a nan da idonsa a runtse.

Shugaban jama'a a lokacin Amram ne, falken gishiri, kakan Hayim. Mutum ne mai kirki in ba a yi masa gardama ba. Ya lura Rabbi Makluf ya daina gane mutum sai ya yi magana. Ya aika birni aka zo da wani matashin malami, Eliyahu, mai kyawun rubutun hannu. Amram bai so ya kori wanda ya koya masa Alef, harafin farko, da bakinsa ba, sai ya nemi hanyar da maganar za ta faɗi kanta. Ranar jajiberin idi ya sa Eliyahu ya rubuta baƙaƙe da tawada a sabon allo mai santsi.

Labari ya kai kunnen Firaha, ta hanyar da labari ke kaiwa. Ta ce wa mijinta, “Gobe ka ce ba ka da lafiya.”

Ya ce, “Shekara arba'in ban taɓa ciwo ranar zuma ba. Wa zai yarda?”

Da safe majami'a ta cika. Amram da kansa ya ɗauko jikansa a kafaɗa, ya dire shi a cinyar tsohon, ya ce, “Rabbi, ga sabon allo, kyauta ce daga gare ni. Har zuma an shafa.”

Rabbi Makluf ya karɓa ya yi godiya. Ya shafa da yatsa, ya ji sumul. Ya ɗora yatsan a inda ya kamata harafin farko ya kasance, ya ce, “Alef.”

Allon a juye yake, ƙasa a sama. Yatsan kuwa a kan tsurar itace.

Nan take manyan gari suka gano cewa rufin majami'a abin kallo ne. Hayim kaɗai bai san an yi wani abu ba. Ya runtse ido yadda ya saba, ya bi allon da yatsa sama da ƙasa. Sai ya juyo ya ce, “Kaka, an cuce ka. Babu komai a allon nan, zuma ce kawai.”

Amram ya ce, “Buɗe idonka, ja'iri, ga baƙaƙe nan!”

“Rabbi ya ce ba a buɗewa.”

“Ni na ce ka buɗe ka lasa.”

“Ba zan lasa ba. Ba karatu a ciki.”

Idan kuna neman abin al'ajabi a labarin nan, to ga shi: ɗan shekara biyar ya ƙi zuma. Ban san wani ba bayan wannan.

Sai ga tsohon allo yana tahowa hannu da hannu daga sashen mata. Firaha ta rantse har ta mutu cewa mantuwa ta yi ta fito da shi cikin mayafi. Aka zuba masa zuma, ta kwanta cikin ramukan baƙaƙen. Hayim ya sa yatsa. Kafin malami ya buɗe baki ya ce, “Alef,” ya lashe. Ya bi su ashirin da biyu har Taw na ƙarshe, sannan ya dawo da baya, don akwai sauran zuma.

Eliyahu ya matso ya ce a ba shi ya gwada. Ya rufe ido ya shafa wani harafi, ya ce, “Dalet.”

Hayim ya ce, “Resh ce. Ba ka ji ba ta da kusurwa ba?”

Eliyahu ya yi dariya, abin da ya sa nake ganin malamin gaske ne. Ya ce wa Amram, “Baba, ku ba ni yaran in sun kai shekara bakwai. Ƙananan nan ku bar su inda suke.”

Amram ya durƙusa kusa da tsohon, ya yi ƙasa da murya. “Rabbi, tsakaninka da Allah, kana gani?”

“Ina ganin inda taga take.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“Kai ma ai ba ka tambaya ba, Amram. Allo ka kawo.”

A nan aka tsayar da magana: manyan yara na Eliyahu, masu farawa na Rabbi Makluf, da allunansa da dokarsa. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a ɗakin. Bai taɓa yarda cewa don kansa ya kafa dokar ba. Da ya rasu, ba a sami wanda ya iya cewa yara su buɗe ido ba.

Garin nan yanzu babu namu ko ɗaya. An ce yashi ya kai rabin ƙofar ɗakin, rijiya ɗaya ta ƙafe. Da za a taso an bar abubuwa da yawa, amma allon Firaha ya biyo mu, da doguwar Lamed ɗinsa. Ramukansa sun fi na dā zurfi. Kakarku ta ce albarka ce. Ni ina zargin harsunanku.

Shi ya sa har yau, ga littattafai bugaggu, ga lantarki, ga malamai masu ido garau, amma duk yaron da aka kawo majami'armu sai ya runtse ido ya nemi Alef da yatsa kafin ya ɗanɗani zuma.

To, wani ya miƙo min allon in nuna muku. A hannu za ku sa min. Na san kun ji ni jiya ina gaishe da tulu.